Gargaɗi: masu tallar maganin kankare tabon haƙori a gida, asid suke sayarwa

Jama'a, a yi hattara. Akwai 'yan damfara da ke yawo a kafafen sada zumunta da tallar wata 'yar kwalba da burushi, wai aikin da likitan haƙori yake yi na kankare tabo daga saman haƙori, kai ma za ka yi shi a ɗakinka. Su ɗora hoton haƙora masu rawaya a hagu, farare tas a dama, su ce kaya sun kusa ƙarewa, a turo kuɗi a aiko. Wasu kuɗin kawai za su karɓa su toshe lambarka. Waɗannan ma da sauƙi. Wanda zai cuce ka da gaske shi ne wanda zai aiko maka da kwalbar.

Aikin da suke fakewa da sunansa, wato maikuro-abureshan, aikin gaskiya ne. A shekarar 1986 wani likitan haƙoran yara na Amurka, Theodore Croll, shi da abokin aikinsa suka bayyana yadda ake yin sa da asid ɗin haidurokulorik mai ƙarfin kashi 18 cikin 100 haɗe da garin dutsen aman wuta. Daga baya aka sassauta ƙarfin. Opalustre, ɗaya daga cikin magungunan kankarewa da likitoci ke amfani da su yanzu, kashi 6.6 ne. Duk da haka likita ba ya ɗiga shi sai ya saka zanen roba a baki ya rufe dasashi da leɓe da harshe, haƙoran kaɗai ke leƙowa, ya kuma sa wa mutum tabarau. Ya shafa da na'ura mai juyawa a hankali na ɗan lokaci kaɗan, ya wanke, ya duba haƙorin yana jiƙe, ya sake in da buƙata. A ƙarshe ya goge shi ya yi santsi, ya shafa fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori.

Sanin inda za a tsaya, nan ne ƙwarewar take. Rufin haƙoran gaba, wato farin ɓawo mai tauri da ke samansu, kaurinsa wajen milimita 1 ne a tsakiya, kusa da dasashi bai kai haka ba, abin da ake yarda a cire kuma ba ya wuce kimanin milimita 0.2. Wanda aka cire kuwa ya tafi ke nan, jiki ba ya sake yin wani.

Ga inda dabarar 'yan damfarar take. In asid ya ci saman haƙori kuma ya bushe, zai yi fari kamar alli. Ka dubi madubi ka ce lallai magani ya yi aiki, ka ɗauki hoto ka tura musu, su kuma su yi talla da shi. Da yawu ya sake jiƙa haƙorin, farin nan zai dushe. Saman ya riga ya yi kaushi, tabo zai fi kama shi fiye da da. Ka koma ka yi ƙorafi, su ce ba ka gama ba ne, ka ƙara kwalba ɗaya. Kana ƙarawa rufin yana sirancewa, ɓangaren ciki mai launin rawaya yana ƙara fitowa, ruwan sanyi ko iska ya taɓa ka ji zogi har ƙwaƙwalwa. Garin neman gira an rasa ido.

Sannan ba kowane tabo ake kankarewa ba. Aikin ya dace da tabon da ke sama-sama: ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa da ke samun wanda ya sha ruwa mai yawan fuloraid yana yaro (Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar a miligiram 1.5 cikin lita), ko farin tabon da ke saura bayan an cire ƙarfen daidaita haƙora. Launin da maganin tetirasaikilin ya jawo a ƙuruciya a ciki yake, haka duhun haƙorin da jijiyarsa ta mutu, ko a kankare har gobe ba zai fita ba. Tabon taba sigari kuwa wankin haƙori na asibiti ya ishe shi. Baƙin ɗigon da kake gani ma wataƙila ruɓewa ce ta fara. Wanda ya dubi hoton waya ya ce maganinsa na kowa ne, ƙarya yake yi. Haka masu yi wa mutane a shagon kwalliya ba tare da lasisin aikin haƙori ba. Farar riga da safar hannu ba shaida ba ce.

In ka riga ka saya, ka daina yau. Kurkure baki da ruwa sosai, kada ka bi shi da burushi nan take domin saman ya yi taushi. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Ka ɗauke kwalbar daga inda yara za su kai hannu, ka tafi da ita wurin likitan haƙori ya gani. Ka adana hoton tallar da shaidar tura kuɗi, ka kai wa bankinka da hukumar kula da magunguna ta ƙasarku.