Dataverse, DSpace ko CKAN: wace manhaja za ka ɗora wa sabarka don adana bayanan bincike?

Duk cibiyar binciken da ta ɗan kwana biyu tana aiki za ka tarar bayananta a warwatse: wasu a kwamfutar shugaban sashe, wasu a filash ɗin ɗalibin da ya gama ya tafi, wasu kuma a cikin imel. Ranar da mujalla ko masu ba da tallafi suka ce a nuna inda bayanan suke, sai hankali ya tashi. A nan ne ake yanke shawarar kafa rumbun bayanai a kan sabar cibiyar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana ba da su ta intanet, a nan ne kuma tambayar ke tasowa: wace manhaja? Biyar ake yawan ambata, wato DSpace da EPrints da CKAN da InvenioRDM da Dataverse. Dukkansu buɗaɗɗu ne, kyauta ake sauke su, babu mai biyan kuɗin lasisi. Ka riƙe wannan, don zai yi maka amfani a gaba. Ni dai Dataverse ce tawa, ba kuma zan ɓoye ba.

EPrints, wadda Jami'ar Southampton ta Ingila ta fitar a 2000, ta yi zamaninta, amma da harshen Perl aka rubuta ta, kuma samun matashin da zai kula maka da Perl yau aiki ne. CKAN ta dace da gwamnatoci da hukumomin agaji masu son baza alƙaluma ga jama'a, a kanta ma aka ɗora kundin data.gov na Amurka a 2013, sai dai ba don mai bincike aka gina ta ba. Kafin ta ba ka DOI, wato lambar dindindin da ake ambaton maƙala ko bayanai da ita a intanet, sai ka liƙa mata ƙari daga waje. InvenioRDM daga cibiyar binciken CERN ta Turai ta fito, a kanta rumbun bayanai na Zenodo ke gudana tun 2023, kuma tana da kyau ƙwarai in kana da ma'aikatan da za su yi renon manhajojin da take dogara a kansu, wato OpenSearch da Redis da RabbitMQ da PostgreSQL, lokaci guda. In mutum ɗaya gare ka, wanda shi ne kuma ke gyara firinta, ka wuce kawai.

DSpace ce abokiyar hamayyar gaske. MIT da HP Labs suka fitar da ita a 2002, kuma ta fi kowace yaɗuwa a ɗakunan karatu na jami'o'i. In abin da za ka adana kundayen digiri ne da maƙaloli, ɗauke ta, ba musu. Amma teburin alƙaluma a wurinta fayil ne kawai kamar kowane PDF, ba ta leƙa cikinsa. Kuma waɗanda suka ƙawata DSpace 6 da nasu gyare-gyaren sun ji jiki da siga ta 7 ta fito a 2021, domin an watsar da tsofaffin fuskokin shafinta biyu an koma wani sabon tsari mai suna Angular, duk adon da aka yi sai an sake daga farko.

Abin da ya sa na tsaya kan Dataverse shi ne sigogi. Na taɓa aiki a wani bincike inda abokin aiki ya gyara layuka a fayil ɗin bayanai, ya ajiye shi da sunansa na dā, a wurin da kowa ke ɗauka. Bai faɗa wa kowa ba. Da masu tace maƙala suka nemi a sake lissafi, alƙaluman suka ƙi dacewa da na cikin rubutun, tsohon fayil kuwa babu shi ko'ina. Tun daga lokacin, tambayata ta farko ga kowace manhaja ita ce: in wani ya canja fayil, na jiya yana nan?

A Dataverse amsar a fili take. Da zarar ka wallafa tarin bayanai, ya zama siga 1.0. Ka gyara bayanin da ke siffanta shi, kamar sunan marubuci ko taƙaitawa, ya zama 1.1. Ka taɓa fayil, dole ya koma 2.0, ta farkon kuma tana nan kowa na iya saukewa, har manhajar ta nuna maka bambancin da ke tsakani. Ko janye tarin ka yi gaba ɗaya, shafi yana rage mai bayyana cewa an janye shi da dalilin janyewar, don kada wanda ya ambace shi a maƙalarsa ya tarar da wayam.

Ba nan ta tsaya ba. Cibiyar IQSS ta Jami'ar Harvard ce ta fara gina ta tun 2006 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gary King, masanin kimiyyar siyasa mai aiki da alƙaluma, kuma wannan asalin yana bayyana a yadda take bi da teburori. Ka ɗora mata fayil ɗin Stata ko SPSS ko R ko CSV ko Excel, za ta buɗe shi, ta karanta sunayen ginshiƙai da ma'anarsu, ta yi kwafi a tsari mai sauƙi da kowace manhaja za ta iya buɗewa nan da shekara ashirin, ta kuma ajiye na asalin yadda ka kawo shi. Sannan ta lissafa masa wata shaida da ake kira UNF, wadda ta dogara da alƙaluman da ke ciki, ba da irin fayil ɗin ba. Lamba ɗaya ta canja, shaidar ta canja. Wannan shaidar tana shiga cikin layin ambato tare da DOI da lambar siga, ta yadda mai karatu zai san ainihin bayanan da aka yi lissafi da su.

Af, tun da an ambaci Excel: kada ka ɗauka rumbu zai gyara ɓarnar da aka yi kafin a ɗora. Excel yakan mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata, har wani nazari na 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka haɗo jerin sunayen a Excel. A 2020 sai da kwamitin raɗa sunayen ya canja su, MARCH1 ta koma MARCHF1. Abin da ka ba rumbu shi zai adana maka da aminci, har da kuskurenka.

A Dataverse akwai kuma kulle fayil ta yadda sai an nemi izini, da jinkirta buɗe shi zuwa wata rana, da littafin baƙi mai tambayar mai saukewa ko shi wane ne. Abu ɗaya da za ka lura da shi: lasisin da take sa wa bayanai in ba ka zaɓi wani ba shi ne CC0, wato ka sallama wa duniya. Ka sanar da masu bincikenka kafin su danna wallafa.

Ɗora ta ba wasan yara ba ne, amma hanyar a shimfiɗe take. Kana buƙatar sabar Linux, an fi gwada ta kan dangin Red Hat irin su Rocky Linux, sai Java da Payara da PostgreSQL da Solr, da Apache a gaba yana karɓar baƙi. Siga ta 6.0 da ta fito a 2023, Java 17 da Payara 6 ta nema. RAM mai gigabayit 8 zai ɗauki ƙaramar cibiya. Faifai kuwa girman bayananka ne zai faɗa, kuma tana iya zuba fayiloli a ma'adanar waje irin ta S3 in faifan ya cika. Bayan ɗorawa, akwai ayyuka uku da ba sa jiran gobe. Canja kalmar sirrin dataverseAdmin, wato asusun shugaban rumbun. Toshe hanyoyin API na shugabanci don kada a taɓa su sai daga cikin sabar kanta. Rufe ƙofar 8983 ta Solr da 5432 ta PostgreSQL da 4848 ta Payara daga intanet. Ƙofofin 80 da 443 na shafin kaɗai ya kamata duniya ta gani, takardar shaidar tsaro kuwa Let's Encrypt na bayarwa kyauta, ana sabunta ta kafin kwana 90. Wanda yake ganin wannan tsoro ne ya tuna Janairun 2017, lokacin da aka share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe aka bar wa masu su takardar neman fansa, ko Disambar 2021, da ramin tsaro na Log4Shell ya sa masu Solr suka kwana a zaune. Aibin Dataverse da zan yarda da shi shi ne sabuntawa: ba a tsallake, siga bayan siga ake bi, don haka wanda ya yi sakaci shekara biyu yana da dogon tsani a gabansa.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, kuma ba manhajar ce ke cutar ba.

DOI na bogi shi ne na farko. Dataverse tana da tsarin gwaji mai fitar da lambobi masu kama da DOI sak, masu farawa da 10.5072, an yi su ne don masu koyon ɗorawa. Ba su da rajista a ko'ina. Ɗan kwangila marar tsoron Allah zai bar ka a kan wannan tsarin, ya nuna maka shafi mai ɗauke da DOI, ya karɓi cikon kuɗinsa. Na ga cibiyar da malamanta suka sa irin waɗannan lambobin a maƙaloli da aka buga, sai da wani edita ya danna ya ga ba su kai ko'ina ba. Gwajin ba shi da wuya: kwafi lambar, liƙa ta bayan doi.org a burauza, daga wata kwamfutar daban. In ba ta kawo ka shafinka ba, ba DOI ba ce. Ta gaske sai cibiyarka ta yi rajista da hukumar ba da DOI irin su DataCite, kai tsaye ko ta wata gamayya, ana biyan kuɗi duk shekara, a ba ku lambar farko taku ta kanku. Asusun kuma ya kasance da sunan cibiya. In da sunan ɗan kwangila yake, ranar da kuka ɓata shi ke riƙe da duk ambatonku.

Na biyu, masu sauya wa buɗaɗɗiyar manhaja suna da launi su sayar maka a matsayin ƙirarsu, har da kuɗin lasisi na shekara-shekara. Leƙa ƙasan shafi, ka duba adireshin shafukan. Wanda ya saba zai gane DSpace ko Dataverse nan take. Biyan mutum ladan ɗorawa da kulawa halal ne, aiki ya yi. Biyan lasisin abin da yake kyauta kuwa damfara ce. Mafi muni a cikinsu su ne masu shiga cikin ainihin rubutun manhajar su yi gyara don ta yi kama da tasu, domin daga ranar ba za ka iya sabuntawa ba sai ta hannunsu. Ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa daga shafin IQSS na GitHub za a sauke, a faɗi lambar siga, kuma kowane ado a yi shi ta hanyoyin da manhajar ta tanada. Haka nan ka guji kwantenonin Docker, wato manhaja a ƙunshe shirye don ɗorawa, da ba a san mai su ba. An sha kama irinsu ɗauke da manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye.

Na uku, masu tallan masauki, wato hayar wuri a sabarsu. Za a ce maka wuri mara iyaka, a farashi mai daɗi, ashe masaukin haɗaka ne da aka tanada don ƙananan shafukan PHP, inda ba ka da ikon ɗora Payara ko Solr. Kada ka yi cinikin biri a sama. Tambayi ko za a ba ka cikakken ikon shugaban saba, nawa ne RAM ɗin da yake naka kai kaɗai, kuma wane tsarin Linux ne. In aka ce CentOS 7, tashi ka tafi, tallafinsa ya ƙare tun 30 ga Yunin 2024.

Sai batun kwafin ajiya, inda ƙarya ta fi arha. Kowa zai ce maka ana yi kullum. Tambayi ina ake ajiyewa. In kan faifan sabar ne, babu kwafi. In aka ce ai akwai RAID, wato faifai biyu ko fiye masu aiki tare, shi ma ba kwafi ba ne, don abin da aka share a faifai ɗaya ya shafe a ɗayan. Dataverse tana da abubuwa biyu da dole a kwafa tare: rumbun PostgreSQL, wanda ake fitarwa da pg_dump, da ma'adanar fayilolin kanta. Ɗaya ba ya amfani ba tare da ɗayan ba. Fihirisar Solr ba ta da damuwa, ana iya sake gina ta daga rumbun.

Kafin ka sa hannu a biya cikon kuɗi, zaunar da ɗan kwangilar gaban wata sabar da babu komai a kanta, ka ce ya dawo da rumbun daga kwafin daren jiya kana kallo. Ka buɗe tari ɗaya, ka sauke siga 1.0 da 2.0, ka tabbatar sun bambanta. Sannan ya miƙa kalmomin sirri na saba da PostgreSQL da DataCite da rajistar sunan shafin, ma'aikacinku ya canja su duka a ranar.