Takardar Tambayoyi ko Zama da Yaro: Wanne Ya Fi Gano Matashin da Ke Tunanin Kashe Kansa?

Malama, kin ce a makarantar sakandaren da kike koyarwa a nan Jos an ga tabon yanka a hannun wata ɗaliba, kuma shugabannin makarantar suna so a raba wa dukkan ɗalibai takardar tambayoyi domin a ware waɗanda ke cikin haɗari, shi ne kika tambaya ko wannan ya wadatar, ko kuwa zama da yaro a yi magana ya fi. A ganina aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma babban kuskuren shi ne a ɗora wa takarda nauyin da ba don shi aka yi ta ba.

Takardar tana da amfaninta. Akwai wadda ake kira ASQ, mai tambayoyi 4, wadda cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta samar, kuma ba ta cin ko minti ɗaya. Akwai PHQ-9, mai tambayoyi 9 a kan ciwon damuwa cikin makonni 2 da suka wuce. Ba su da tsada, kowa ana yi masa tambaya iri ɗaya, kuma yaro mai zurfin ciki yakan iya sa alama a takarda a kan abin da bakinsa ya kasa furtawa. Tsoron da iyaye ke yi cewa tambayar za ta cusa wa yaro tunanin ba shi da tushe, domin wani bincike da aka wallafa a 2005 a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a jihar New York ya nuna cewa tambayar ba ta ƙara musu wannan tunani ba.

Sai dai a lura da abin da takardar take aunawa. A binciken 2012 da ya gabatar da ASQ, ta gano kusan kashi 97 cikin 100 na waɗanda ke cikin haɗari, amma an yi gwajin ne a sashen gaggawa na asibitocin yara, kuma an auna ta ne da wata takardar da ta fi ta tsawo, ba da abin da ya faru da yaran daga baya ba. Wato tana gano wanda ya yarda ya faɗi tunaninsa a yau, ba ta faɗin abin da zai aikata gobe. A wannan binciken ma, cikin yara 100 da ba su cikin haɗari, takardar ta nuna kusan 12 a matsayin masu haɗari. Ki ɗora wannan a kan makaranta mai ɗalibai ɗari-ɗari da malama ɗaya mai ba da shawara, za ki ga yadda aikin zai fi ƙarfinta tun makon farko. PHQ-9 kuma tambaya ɗaya tak ta ware wa wannan batu, ta ƙarshe, inda ta haɗa fatan mutuwa da cutar da kai a jimla guda, alhali yarinyar da ke yanka hannunta don ta rage ƙuncin zuciya da yaron da ya shirya barin duniya ba taimako iri ɗaya suke buƙata ba, ko da yake dukkansu abin kulawa ne sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya amsa "a'a" a kowane layi. A nan ne wurinmu ya bambanta da inda aka rubuta takardun. Yaronmu ya tashi yana jin cewa kashe kai babban zunubi ne, a masallaci ko a coci, kuma abin kunya ne ga dangi gaba ɗaya. Sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka (Penal Code) da aka kafa wa Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ga takardar da Turanci, ga sunansa a sama, ga abokin zamansa yana leƙe, kuma bai san ko za ta kai hannun shugaban makaranta ko na mahaifinsa ba. Wanda aka koya wa amsa "lafiya lau" ko da zazzaɓi na cinsa, haka zai amsa wa takarda. Ƙari a kan haka, tunanin kashe kai a wajen matasa yana hawa da sauka cikin sa'o'i: wanda ya cika takarda da gaskiya ranar Litinin yana iya shiga wani hali ranar Alhamis, bayan fitowar sakamakon jarrabawa ko bayan an yaɗa hotonsa a WhatsApp.

Su kansu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2022 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa tantance duk yaron da ya kai shekara 12, amma a wannan shekarar kwamitin ƙwararru na ƙasar kan rigakafi ya ce hujjar da ake da ita ba ta isa a yanke hukunci ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa ma'aikatan lafiya ƙa'idojin aiki, ta fi fitowa fili a watan Satumba na 2022, inda ta hana amfani da irin waɗannan ma'aunai wajen hasashen wanda zai kashe kansa ko ya sake cutar da kansa, ta kuma hana raba mutane zuwa masu ƙaramin haɗari, matsakaici da babba domin yanke wanda za a kula da shi.

Zama da yaro ma ba ya ba kowa sanin gaibu. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 365 na tsawon shekara 50 ya nuna cewa hasashe da abubuwan da aka saba ɗauka alamun haɗari bai fi canki-canka da wani abin kirki ba. Zaman yana cin lokaci, yana buƙatar horo, kuma babban da ya fara da wa'azi ko faɗa ya rufe bakin yaron ke nan. Fifikonsa yana wani wuri dabam. A zaune ne za ki ji an ce "na gaji da duniya" ko "gara in mutu in huta", ki tambaya a natse me ake nufi, tun yaushe, ko akwai shiri, ko an taɓa gwadawa. Labarin zuciya a tambayi fuska, takarda kuwa ba ta ganin fuska. A zaune ne kuma ake gano dalilin: duka a gida, cin zarafi, shaye-shaye, rashin kuɗin makaranta, ko firgicin da rikici ya bari a zukatan yaran da suka rasa 'yan uwa ko muhalli, abin da Filato ta sani sarai. Daga nan ake tsara abin yi tare da yaron, wa zai kira idan abin ya taso, da abin da za a kawar daga gabansa.

Saboda haka, Malama, idan makarantarku za ta raba takardar, kada a fara sai an tanadi wanda zai zauna da duk yaron da ya amsa "e" a ranar, a keɓe, da yaren da ya fi sakewa da shi, kuma a gaya wa ɗalibai tun farko wa zai karanta amsoshinsu. Ita ɗalibar da aka ga tabo a hannunta ba ta jiran wata takarda. A zauna da ita yanzu, a shawarta kan yadda za a sanar da babban da ta amince da shi a gida, a roƙi iyaye su kulle magunguna da maganin ƙwari, sannan a kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Idan ta ce tana da shiri, kada a bar ta ita kaɗai har sai ta isa gaban likita.