AiM SmartyCam 3 Sport: kyamarar da ke yi wa direba shaida in an goge shi a kwana

A tseren motoci na 'yan sha'awa, irin ajin Spec Miata a Amurka inda motocin kusan ƙarfinsu ɗaya, ba a rasa mai cusa hanci a kwana ya goge ƙofar wani. In an sauko, kowa rantsuwa yake yi shi aka zalunta. Alƙalan tsere kuwa hoto suke nema, domin dokokin a kan 'yan taƙi suke. A ƙungiyar NASA (ta tsere ake nufi, ba ta 'yan sama jannati ba), mai son wucewa ba shi da haƙƙin fili sai tayarsa ta gaba ta kai daidai inda direban ɗaya motar yake zaune. Porsche Club of America kuma tana da dokar 13/13: wanda aka kama da laifin karo za a sa masa ido wata 13, in ya sake a cikin wannan wa'adi, ya huta wata 13. A nan wannan kyamara ta kamfanin AiM na Italiya take cin kuɗinta.

Babban abin yabonta, ba ta jiran a tuna da ita. Daga batirin mota take shan wuta, kuma ana saita ta ta fara ɗauka da kanta da zarar mota ta kai wani gudu. Direban da ya ɗaure bel, ya sa hular kwano da safar hannu, hannunsa ba zai kai ga maɓallin ƙaramar kyamara irin GoPro da ke bayansa ba, ga batirin GoPro da kan mutu ko ya yi zafi ya ɗauke a tsakiyar tsere. Hoton SmartyCam 1080p ne, wato mai fitowa tas, kuma ba ya yin lanƙwasar nan kamar ruwa idan inji na girgiza mota.

Idan aka haɗa ta da na'urar tattara bayanai ta AiM, kamar Solo 2 DL, tana rubuta gudu, juyin inji, taka totur da birki a kan bidiyon. Wannan shi ke kashe gardama. In wani ya ce da gangan ka taka masa birki, sai a duba a ga inda ka taka a zagayen da ya wuce da kuma wannan. Amma fa wuƙa ce mai baki biyu, in kai ne ka makara da birki da mita goma, ita za ta fara tona ka.

Sai aibunta. Farashinta ya ninka na GoPro ko fiye, kuma in babu na'urar AiM a motar, rabin amfaninta ya tafi. Ido iri biyu ake sayar da ita da shi, mai faɗin gani digiri 67 da mai digiri 84. Na 67 yana fito da hanya tas, sai dai yana yanke gefe, alhali yawancin gugar juna a ƙofa da tayar baya take faruwa. Don shari'ar karo, na 84 ya fi. Wanda ya daki bambarka ta baya kuwa ba za ta gan shi ba sam, sai an ƙara wata mai kallon baya.

Inda aka fi ɓata ta wurin ɗaurawa ne. A kafa ta a kejin ƙarfen da ke kare direba a cikin mota, bayan kafaɗar direba ta ɓangaren tsakiyar mota, yadda sitiyari da hannaye da madubin tsakiya duk za su fito. Hannu shi ke nuna ko ka karya sitiyari ka rufe wa mutum hanya, madubi kuma ya nuna ko ka san yana nan. A ɗaure da maƙalin ƙarfe mai noti, a ƙara igiyar waya, kada ta tsinke ta zama dutse a cikin mota. In cikin mota ya yi duhu, gilashin gaba kan fito fari fat, don haka a saita haske a kan hanya. A goge katin memori kafin kowace rana, a kuma gyara agogonta, domin alƙali da lokaci yake neman bidiyo.