Silinda huɗu da silinda shida: wane inji ya fi girma?

Malam, ka ce an kawo maka motoci biyu ka zaɓa, Toyota Hilux mai fulogi huɗu da Lexus IS250 mai fulogi shida, dillali kuma ya ce maka mai shida ai dole injinta ya fi girma, tunda kowace silinda fulogi ɗaya gare ta. To dillalin bai faɗi daidai ba. Hilux mai shan fetur da ake yawan gani a Sakkwato injinta lita 2.7 ne, ita kuwa IS250 lita 2.5. Mai huɗun ce ke gaba.

Girman inji shi ne faɗin kan fistin sau tsawon tafiyarsa a cikin silinda, sau yawan silindar. Yawan silinda ɗaya ne kawai cikin abubuwa uku, shi ya sa lissafin ke rikicewa.

Fara da silinda ɗaya. Boxer ɗin 'yan kabu-kabu wajen cc 100 ne (cc dubu ne lita ɗaya), Honda Super Cub ta 1958 kuwa cc 49. A ɗaya gefen akwai taraktar Jamus, Lanz Bulldog, ita ma silinda ɗaya tak, amma lita 10.3. Wato silindarta guda ta ninka ta kabu-kabu sau ɗari. Juyinta bai kai dubu a minti ba, kowane bugu sai ƙasa ta amsa.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne silinda huɗu. A 1963 Honda ta yi wata 'yar a-kori-kura, T360, silinda huɗu a cc 356 kacal. A 1910 kuma Fiat ta Italiya ta ƙera S76 don kafa tarihin gudu, ita ma huɗu ce, amma lita 28.4. Kowace silinda ta haura lita bakwai. Ka juye galan ɗin baƙin mai na lita huɗu a ciki, da kaɗan ya wuce rabi. Maƙeran wancan zamani ba su iya sa inji ya juya da sauri ba, sai suka nemi ƙarfi ta hanyar girma. Yau ba mai yin haka, domin fistin in ya yi nauyi jijjiga ke yawa. Ko lita 3.0 da Porsche ta sa wa 968 ana ganin an kai maƙura ga mai huɗu a ƙaramar mota, sai da aka haɗa masa sandunan rage jijjiga.

Shida ma haka. Mitsubishi ta taɓa yin V6, wato silinda shida a layi biyu, na lita 1.6, bai ma kai injin Corolla mai 1.8 ba. Babur ɗin tsere na Honda, RC166 na 1966, silinda shida ne a cc 250, fistin ƙanana marasa nauyi, yana juyi kusan 18,000 a minti. Sannan ka tsaya bakin hanyar Kalambaina ka dubi tirelolin DAF masu ɗauko siminti: su ma silinda shida ne, sai dai injin ya haura lita 12.

Daga takwas zuwa sama abin na masu hali ne. Ferrari ta matse V8, wato inji mai silinda takwas, zuwa ƙasa da lita biyu a 1975 don kauce wa harajin da Italiya ke ɗora wa manyan injuna, alhali Bugatti Royale mai silinda takwas lita 12.7 ce. Motar farko mai sunan Ferrari, ta 1947, silinda 12 gare ta a lita 1.5.

Mu dawo kan naka biyun. Lexus ta fi laushi, ba ka jin motsin inji, kuma ta fi kuzari in ka taka ta a hanyar Gusau, don an raba aikin wa ƙananan silinda shida. Amma ranar sabis fulogi shida za ka saya, kwayil shida, kuma layin silinda biyu ne, in ta yi zafi cikin bazarar Sakkwato aikin ya ninku. Hilux ta fi kaushi, amma tana ja tun daga ƙaramin juyi, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Shan mai kuwa kada ka auna shi da fulogi, nauyin mota da ƙafar direba sun fi tasiri. In gona da kasuwar Illela ne zirga-zirgarka, ni dai Hilux zan ce ka ɗauka. In cikin gari ne, daga gida zuwa ofis, Lexus ɗin ba laifi, muddin an duba lagireto da fanka kafin ka biya.