Gargaɗi: a kula da masu sayar da jiragen faiba masu kumburarren ciki

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu jigila ne da masunta da shugabannin ƙungiyoyin matuƙa, daga Yawuri da Warra har zuwa Mokwa da Patigi, da duk wanda ke haɗa kuɗi don sayen jirgin faiba.

Tun bayan hatsarin jirgin ruwa na Warra a watan Mayun 2021, da na Patigi a Yunin 2023 inda mutum fiye da 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki, hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin ƙasa da gwamnatoci ke matsa wa mutane su bar jiragen katako su koma na faiba. Shawara ce mai kyau. Sai dai wasu marasa tsoron Allah sun ga kasuwa ta buɗe. Suna kwaso tsofaffin jiragen da aka jingine a kudu, a cike tsagar da filar masu gyaran bodin mota, a fesa sabon fenti, a ɗauki hoto da yamma lokacin da rana ta yi sanyi, a zuba a Facebook da WhatsApp da sunan tokumbo. Kuɗin sai ya zo ƙasa da na kasuwa ƙwarai, kuma kullum akwai wani Alhaji da wai yake hanya da kuɗinsa, don haka ka yi sauri ka tura kafin alƙalami da kuɗin mota. Cinikin biri a sama ke nan.

Abin da suke ɓoyewa yana ƙarƙashin ƙafarka. Irin waɗannan jirage bango biyu gare su: na waje mai taɓa ruwa, da shimfiɗar ciki da ake takawa. Tsakaninsu akwai soso mai tauri da aka zuba don ko jirgi ya cika da ruwa kada ya nutse, sannan a daɓe da bangon baya akan sa katakon filawud a lulluɓe shi da faiba. Ruwa yana samun hanya ta ramin kusa, ko ta tsaga, ko ta gefen bututun fitar da ruwa. In ya shiga ba ya fita. A hankali soso ya jiƙe, katako ya ruɓe ya kumbura, gam ya saki, sai shimfiɗar ta taso ta yi tozo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to jirgin da ya sha lita 200 yana ɗauke da nauyin buhu huɗu na siminti tun fasinja ko ɗaya bai shiga ba. Sosan da aka sa don ceton rai shi ne ya koma kaya.

Dillali zai ce maka, "Maigida, ai zafin rana ne, roba ce, da ta sha ruwa za ta kwanta." Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa maganar ke cin mutane. Tozon kan ƙara tashi da tsakar rana don iska da tururin da ke kulle a ciki suna buɗewa. Amma ai ba su sami wurin zama ba sai da shimfiɗar ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta.

Ba sai kana da na'urar auna damshi ba. Ka ɗauki ƙotar sukundireba ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya ƙararsa a tsaye take, kas-kas. Inda ya ruɓe sai ka ji buf-buf, kuma in ka taka da diddige ya lotsa ya dawo. Ka kwance kusa ɗaya kusa da tozon ka duba bakinta: in ta fito a jiƙe, da tsatsa da baƙin garin katako, an gama magana. A sa a ɗaga goshin jirgin a buɗe toshiyar baya, ka tsaya ka jira, ban da gaggawa. Ruwa mai launin shayi da wari yana ɗiga ba ya tsayawa, daga cikin soso yake fitowa. Ƙananan ƙuraje a bangon waje kuwa, in an huda ɗaya ya fitar da ruwa mai warin tsami, faibar kanta ta fara sha.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne bangon baya, inda ake ɗaura inji. A ɗaga injin, ka kama ƙafarsa ka girgiza sama da ƙasa da ƙarfi. Bangon bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. In ka ga yana lanƙwasa, ko notunan sun nutse cikin faiba, ko an liƙa faffaɗan ƙarfe a kai wai don ado, to katakon ciki ya mutu, kuma injin Yamaha mai ƙarfin doki 75 na iya ɓalle shi a tsakiyar tafkin Kainji.

Sabon kafet da aka manne a daɓe ma abin tambaya ne. Haka fenti a daɓe kaɗai, sauran jiki na nan da tsufansa.

Ana gyara irin wannan, amma sai an yanke daɓen, an ƙwaƙule jiƙaƙƙen soso, an bar jirgi ya bushe makonni, an sa sabon katako da faiba. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma daga farashi ya kamata a cire shi. Wanda ya hana ka ƙwanƙwasa, ko ya ƙi a jefa jirgi a ruwa ka ga inda ya zauna ba kaya, ka riƙe kuɗinka. A tafi da wanda ya san aikin faiba, a rubuta takardar ciniki da shaidu, kuma in an riga an cuce ka, ka ajiye shaidar tura kuɗin da saƙonnin ku, ka kai ga 'yan sanda, ka kuma sanar da Sarkin Ruwan yankinku da shugabannin tasha don kada a sake kawo jirgin gaba a sayar wa wani.