Sunan Zuriya da Sunan Zaɓin Iyaye a Ƙasar Sin

A tsohuwar al'adar Sinawa, dangi kan tanadi waƙar zuriya wadda kowane harafinta (a rubutun Sinanci harafi gaɓa ce guda mai ma'ana) ke wakiltar tsatso guda, wato mataki ɗaya na zuriya, kamar na 'ya'ya ko na jikoki, sai dukkan 'yan'uwa maza na tsatson su ɗauki harafin, a ƙara wa kowa na biyu da ya keɓanta da shi. Shi ya sa Mao Zedong, tsohon shugaban ƙasar Sin, da ƙannensa Mao Zemin da Mao Zetan suka haɗu a kan "Ze". Irin wannan suna ya fi bayyana matsayin mutum a cikin dangi, kuma galibi ba a saka mata a lissafin. Sanya wa yaro sunan kakansa kuwa, abin da Bahaushe ke ɗauka girmamawa, a wurinsu rashin ladabi ne.

Hanya ta biyu, wadda ta fi yawa a yau, ita ce iyaye su zaɓi haruffa bisa ma'ana da daɗin furuci, wasu har da duba lokacin haihuwa. A nan ne jinsi ya fi fitowa: Qiang, wato ƙarfi, na maza ne, Fang, wato ƙamshi, na mata. Sai dai alama ce kawai, ba doka ba, domin sunaye irin su Zihan ana ba maza da mata. Matsalar gane jinsi daga suna ta fi tsanani a rubutun boko, inda "Li" mai nufin kyau da "Li" mai nufin ƙarfi suke zama kalma ɗaya, alhali haruffansu daban ne.