Saitin kundan da na saya a Laad Bazaar: abin da ya burge ni da wanda ya ɓata min rai

Tun da na saka hotunan bikin nan 'yan uwa ke ta tambayata ina na samo sarƙar, gwal ce ko fashan, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Karatu nake yi a Haidarabad ta ƙasar Indiya, yayar wata ƙawata 'yar ajinmu ce ta yi aure, Musulmai ne, suka gayyace ni tun daga ranar lalle har walima. Na ɗinka lehenga, wato riga da dogon siket irin nasu, kore mai duhu, an yi masa aikin zari, wato surfanin zare mai ruwan gwal, a wuya da bakin siket da gefen dupatta, mayafin nasu kenan. A tunanina magana ta ƙare tunda ina da saitin gwal ɗin Dubai da na zo da shi daga gida, wanda idan na ɗora shi kan leshi sai an tanka. Wallahi ina sakawa gaban madubi sarƙar ta ɓace ɓat, aikin wuyan rigar ya shanye ta kamar ban saka komai ba. Mahaifiyar ƙawata ta dube ni ta ce 'yata wannan kaya ba sa son siririyar sarƙa, gobe ku je Laad Bazaar.

Kasuwar tana jikin Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da aka gina a 1591, layi ne guda cike da shagunan awarwaro, da daddare in fitilu suka haska duwatsun ido har ciwo yake. Shagon da muka shiga ɗan ƙarami ne, amma abin da ya fara burge ni dattijon mai shagon bai ciro komai ba sai da ya ce baji, wato yaya, ina kayan? Allah ya sa na taho da dupattan a jaka. Ya shimfiɗa shi kan kanta, yana ɗora sarƙa yana ɗagewa, mai ruwan azurfa ma ko kallonta bai yi ba, ya ce zarin gwal da gwal yake tafiya. Sannan ya tambaye ni ko zan rufe kai. Na ce sosai ma, har wuya. Nan take ya mayar da wadda nake ta kallo, irin mai kama maƙogwaro ɗin nan, ya ce asarar kuɗi za ki yi mayafi zai binne ta, ya ciro doguwa mai layi uku na lu'ulu'u da kundan a tsakiya da 'yan korayen duwatsu suna lilo a ƙasa, ta sauko har ƙirji ta wuce inda aikin rigar ya tsaya. Mai layi bakwai da suke kira satlada ya ce in bar wa amarya, kuma gaskiya ne ita amaryar ta saka kan khada dupatta ɗinta, dogon mayafin amaren Haidarabad.

Kundan na ainihi dutse ne ake dasawa a kewaye shi da tataccen gwal, an fi sanin birnin Jaifur da aikin, bayansa kuma a yi masa zanen kala da ake kira meenakari. Nawa dai kwaikwayo ne, gilas da ruwan gwal, bai ɓoye min ba. Da maang tikka na goshi da awarwaro muka daidaita a rupi 3,200 bayan ƙawata ta sha ciniki, don farashin farko da ya faɗa sai da na dafe ƙirji.

Tikkan nan shi ne abin da na fi so. Ana maƙala shi a tsagar gashi, ni sai na soke shi da fil a jikin hular ciki ya sauko tsakiyar goshi, bai motsa ba har aka tashi. Duk mai saka hijabi da za ta yi kwalliyar Indiya ta fara da shi, shi da awarwaro su ake gani. Awarwaron na lac ne, wani irin ƙaro da suke narkawa a kan garwashi su jera duwatsu tun yana da zafi. Ku san lambar hannunku kafin ku yi oda, 2.4 ko 2.6 ko 2.8, ni 2.6 ce, kuma shi da kansa ya matsa hannuna ya zura su don ba a tura su da ƙarfi.

To yanzu inda raina ya ɓaci. 'Yan kunnen da suke kira jhumka na ƙara da kaina duk da ya ce ba sai na saya ba, manya masu kamar ƙararrawa. Nauyi kamar me, kafin a ci abinci hujin kunnena ya yi ja yana zafi, ga su suna kama zaren mayafi. Ashe akwai 'yar sarƙar da ake maƙalawa a gashi ta ɗauke nauyin, bai faɗa min ba sai a wurin biki na gani a kunnen mutane, wannan kam na ga laifinsa. Sai kuma igiyar ɗaure sarƙar ta baya, sau biyu na saka ta fara warwarewa, dutse ɗaya ya faɗi, gefen da turare ya taɓa ya dusashe cikin sati uku. Awarwaro biyu sun tsage da na bar su a jaka cikin mota da rana, zafi ba ya yi da su ko kaɗan, masu kai su Kano ko Sakkwato ku kula.

Zan koma shagon? Eh zan koma, saboda idon dattijon nan, amma 'yan kunne sai na saka na yi minti goma da su tukuna. Ƙanwata ta riga ta turo hoton sarinta ja na bikin watan gobe, na ce ta aiko min da ƙyallen rigar cikin ma in tafi masa da shi.